Daga Karin Caji Zuwa Gutsuren Sauti: Nazarin Aro a Waƙar Bege Bisa Ma'aunin Balaga da Fiƙihu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi al'adar gutsuro sautin da aka riga aka naɗa a faifai a dasa shi cikin sabuwar waƙa, kamar yadda ake yi a ɗakunan ɗaukar waƙa na wannan zamani. An auna al'adar da ma'aunin malaman balaga a babin sariƙa da iƙtibasi da talmini, aka kuma kwatanta ta da aron karin caji da Alhaji Aliyu Namangi Zariya ya yi a waƙoƙin Imfiraji. Nazarin ya gano cewa aron kari da gutsuren sauti abubuwa biyu ne mabambanta, kuma na biyun yana ɗauke da haƙƙoƙi uku waɗanda niyya mai kyau ba ta sauke su.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Idan aka tuhumi mai waƙar bege na yau da cewa ya ɗauko muryar wani ko kiɗan wani ya sa a waƙarsa, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce magabata ma sun yi aro. Akan kafa hujja da tahamisin Ishiriniya, ko da mu'aralar da Ahmad Shauƙi ya yi wa Burdar Busiri, ko kuma, a ƙasar Zazzau, da Imfirajin Aliyu Namangi. Hujjar tana da ƙarfi, domin kuwa duk waɗannan aro ne, kuma malamai sun karɓe su. Abin da ya rage shi ne a tantance ko abin da na'ura take yi a yau shi ne abin da waɗancan bayin Allah suka yi.

Ba manufar maƙalar ba ce ta sake buɗe saɓanin da ke kan kayan kiɗa. Saɓani ne tsoho wanda Imam Gazali ya keɓe masa babi a Ihya'u, Ibnu Hazam ya sassauta a cikinsa, jamhuri suka tsananta, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi sun yi rubutu a kansa. Tambayar da ke nan ta shafi kowane ɓangare. Wanda ya halatta fiyano sai ya amsa ta, wanda kuma ya taƙaita a kan murya da bandiri shi ma sai ya amsa ta, tunda muryar mutum ma ana gutsuro ta.

2.0 Ma'anar Gutsuren Sauti da Shigowarsa Ƙasar Hausa

Abin da ake nufi da gutsuren sauti shi ne a yanko wani yanki na sautin da aka riga aka naɗa, ko bugun ganga ne, ko busa, ko jimla guda daga bakin mawaƙi, a adana shi a na'ura, sannan a maimaita shi ko a sauya masa sauri da kauri, a gina sabuwar waƙa a kansa. Sunan da Turawa suka ba wannan aiki daga kalmar nan yake wadda Hausa ta ara ta zama samfur. Na'urar Fairlight da aka fitar a Ostireliya a 1979 tana cikin na farko da suka sauƙaƙa shi, sai Akai MPC60 a 1988 ta zama abin hannun mawaƙan gambarar zamani na Amurka.

A ƙasar Hausa al'amarin ya shigo ne ta ƙofar fiyano. Daga tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, irin su Iyan-Tama, suka fara amfani da fiyanon Yamaha wajen kiɗan finafinai. Da yawa daga cikin sautukan da ke cikin irin wannan fiyano su kansu gutsure ne, domin kamfani ne ya naɗi amon sarewa da ganguna na gaskiya ya zuba a ciki. Daga baya kwamfuta da manhajoji irin su FL Studio suka sa aikin ya zama na mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, a Kano ko Kaduna ko Zariya. Masu begen Annabi (SAW) ba su tsaya a baya ba, suka shiga waɗannan ɗakuna tare da mawaƙan soyayya da na siyasa, kuma sau da yawa mai haɗa kiɗan guda ne.

3.0 Ma'aunin Malaman Balaga

Malaman adabin Larabci sun daɗe da sanin cewa babu mawaƙin da yake farawa daga fili fetal. Alƙali Jurjani, a littafinsa Alwasaɗa, ya raba ma'anoni gida biyu. Akwai na tarayya, kamar kamanta jarumi da zaki ko mai kyauta da kogi, waɗanda ba a cewa wani ya sace su. Akwai kuma keɓantattu, waɗanda wani ya ƙago da basirarsa, su ne ɗaukarsu ba da ambato ba yake zama aibi. Ibnu Rashiƙ na Ƙairawan ya bi wannan babi daki-daki a Al'umda.

Haɗib Ƙazwini (ya rasu 739 H) ya rufe Talhisul Miftahi da wannan mas'ala, kuma ƙa'idojinsa uku sun isa ma'auni. Ta farko, mafi munin aro shi ne a kwashe lafazin wani ɗungurungum ba tare da an sauya komai ba, wannan sata ce tsantsa. Ta biyu, talmini, wato sanya baitin wani a cikin waƙa, yana halatta da sharaɗin a yi nuni ga mai shi idan baitin bai shahara ba. Ta uku, mafi kyawun talmini shi ne wanda ya ƙara wa asalin wata fa'ida da ba ya da ita.

Game da iƙtibasi, wato ɗauko lafazin Alƙur'ani a sa cikin zance, Imam Suyuɗi (ya rasu 911 H) ya ambata a Al'itƙan cewa Malikawa sun shahara da hana shi da tsananta wa mai yin sa. Ya kuma kawo rabon da aka yi masa gida uku: karɓaɓɓe a huɗuba da wa'azi, halattacce a wasiƙu da ƙissoshi, da abin ƙi, wanda ya haɗa da sanya aya a muhallin wargi. Wannan bayani yana da nauyi na musamman a ƙasar da mazhabar Imam Malik ce tushen karatunta.

4.0 Aliyu Namangi da Karin Caji

Alhaji Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya wanda ya rasu a 1990, Allah Ya jiƙansa, shi ne misalin da ya fi kusa da gida. Waƙoƙinsa na Imfiraji, waɗanda aka buga a Zariya, sun ƙunshi yabon Manzo (SAW) da tunatarwa kan mutuwa da kabari da ruɗin duniya. Sun bazu har suka zama abin rerawar makafi da almajirai a kasuwanni da tashoshin mota, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Masana adabin Hausa sun tabbatar da cewa karin Imfiraji ba daga bahar ɗin aruli na Larabci ya fito kai tsaye ba. Daga caji ya fito, wani kiɗa na dandali da ya yi tashe a zamaninsa.

Idan aka ɗora wannan aro a kan ma'aunin Ƙazwini, sai a ga ya tsallake duka ƙa'idojin. Abin da Namangi ya ɗauka awo ne, wato jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kuma awo dukiyar tarayya ce kamar yadda baharul basiɗi ba mallakar Busiri ba ne. Bai kwashi lafazin makaɗan caji ba. Aron kuma ba ɓoyayye ba ne, domin duk wanda ya ji Imfiraji a wancan lokaci ya san inda karin ya fito, shaharar ta wadatar da ambato. Dangane da ƙarin fa'ida kuwa, ya ɗauki abin da ake tashe da shi a dandali ya mai da shi abin hawan wa'azi.

Akwai wani abu na huɗu da tarihi ya bayyana. A yau mutane da dama suna iya rera Imfiraji alhali ba su taɓa jin caji ba. Sabon abu ya rinjayi tsohon har ya shafe shi daga kunnen mai sauraro. Dalilin haka shi ne karin ya bi ta cikin ƙirjin malamin da harshensa, ya fito da lafazi sabo da murya sabuwa, babu ganga, babu dandali. Wannan rinjaye shi ne ainihin hujjar da ke wanke aron Namangi, kuma da shi ya kamata a auna duk wanda ya fake da sunansa.

5.0 Baƙon Kari: Wusasa da Bandirin Indiya

Zariya ta ga wani nau'in aron kari na dabam. Mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa a cikin birni ya koma Wusasa, bayan ganuwa, a 1929, kuma fassarar Baibul ta Hausa da ya yi wa aiki ta fito a 1932. Da yawa daga waƙoƙin ibada da majami'un Hausa na wancan zamani suka yi amfani da su fassara ne daga Ingilishi, aka bar musu karinsu na Turai. Darasin da ke nan na harshe ne. Waƙar Hausa tana tafiya ne a kan bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, shi kuwa karin da aka ƙera domin wani harshe bai san wannan bambanci ba, sai ya ja wasali gajere ya daƙile dogo. Caji ɗan gida ne, shi ya sa kalmomin Namangi suka zauna a kansa daram.

Wannan matsala ta sake bayyana a Kano, inda wasu ƙungiyoyin matasa masu bege da bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora musu yabon Annabi (SAW). Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan wannan. Hujjar matasan ita ce ta Namangi: a janye zukata daga shagala zuwa bege ta hanyar abin da kunne ya saba da shi. Niyyar abar yabawa ce, kuma bai dace a yi musu mummunan zato ba. Sai dai ma'aunin rinjaye bai ba su gaskiya gaba ɗaya ba. Fim ɗin da aka aro karinsa yana nan da ransa, ana kallonsa, kuma karin yana ɗaure da hoton rawar namiji da mace. Mai sauraro yana jin sunan Manzo a kunne, zuciyarsa tana hasko masa wani abu dabam. A nan tsohon ne yake jan sabon.

Duk da haka, bandirin Indiya aron kari ne, mawaƙin da bakinsa yake rerawa. Gutsuren sauti ya wuce nan da taki guda, domin shi ainihin abin yake ɗaukowa. A yaren fiƙihu, na farko ya ɗauki siffa, na biyu ya ɗauki zati.

6.0 Haƙƙoƙi Uku da Ke Kan Mai Gutsuro Sauti

6.1 Haƙƙin mai sauti

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar a ƙudurinta mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Asalin wannan yana cikin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta kuma shardanta yarda. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare sautin da aka naɗa, ta kuma tanadi kariya ga fasahar gargajiya. A Amurka, tun shari'ar da aka yi wa mawaƙi Biz Markie a 1991 kan gutsuren wata waƙar Gilbert O'Sullivan, neman izini kafin a fitar da waƙa ya zama ƙa'idar sana'ar.

Wannan ya shafi Zazzau kai tsaye. David Ames ya yi bincike a Zariya a 1963 zuwa 1964, ya naɗi kiɗan fada da na sana'o'i, aka fitar da shi a faifai a Turai, sannan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Kakaki da algaita da tambarin da ke cikin irin waɗannan faya-faye mutane ne suka busa suka kaɗa, masu suna da zuriya. Haka muryar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ta Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, suna da magada. Samun sauti a intanet ba ya mai da shi tsintuwa, kuma ko tsintuwa ce, Shari'a ta wajabta cigiya.

Akwai kuma hasarar da ba ta kuɗi ba. Kalangu magana yake yi, makaɗi yana matsa tsarkiya yana sassautawa domin ya bi hawa da saukar muryar Hausa, ya kira taken mutum. Gutsuren kalangu da ke maimaita kansa a na'ura amo ne kurum wanda ba ya cewa komai. Mai haɗa kiɗa ya sami kamannin gargajiya, makaɗin ya rasa gayyata, mai sauraro kuma ya rasa harshen ganga.

6.2 Haƙƙin ma'ana da alfarma

Namangi ya ɗauko daga dandali ya kai zaure. Na'ura tana iya yin akasin haka cikin daƙiƙa. A 1981 Brian Eno da David Byrne suka fitar da faifan da suka ara wa suna daga littafin Amos Tutuola, My Life in the Bush of Ghosts. A cikinsa akwai waƙar da aka ɗora karatun Alƙur'ani na wasu Musulmin Aljeriya a kan kiɗa. Bayan ƙorafin wata majalisar Musulmi ta Birtaniya, aka cire ta daga bugun da suka biyo baya. Wannan shi ne iƙtibasi abin ƙi a mafi bayyanar surarsa. Aya ta 204 ta Suratul A'arafi ta yi umarni da saurare da yin shiru idan ana karatu, shi kuwa kiɗan da aka shimfiɗa a ƙarƙashin aya kishiyar shiru ne. Hukuncin bai sauya ba don mai yin Musulmi ne, ko don waƙar ta bege ce. Buɗe waƙar fiyano da gutsuren tilawa ko kiran salla domin a jawo tsuma yana ƙarƙashin wannan babi.

Kusa da wannan akwai yanko jimla daga wa'azin malami a maimaita ta a kan kiɗa ana raha da ita a TikTok. An raba maganar da abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta, an sa malamin ya faɗi abin da bai nufa ba da muryarsa ta gaskiya. Wannan ya haɗa ƙarya da izgili.

Shari'ar waƙar Khosara ta nuna iyakar dokar zamani a nan. Balig Hamdi ne ya tsara ta, Abdulhalim Hafiz ya rera a Masar a shekarun 1950, daga baya aka gina waƙar Jay-Z mai suna Big Pimpin' a kan karinta. Wani magajin Hamdi ya kai ƙara yana kukan an haɗa aikin da kalaman batsa. Kotun Amurka ta kori ƙarar a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018, bisa cewa an riga an sayar da haƙƙin kuɗi, haƙƙin mutunci na dokar Masar kuma ba ya aiki a can. Shari'ar Musulunci ta lissafa mutunci tare da dukiya a cikin abubuwan da ta zo ta kare. Saboda haka biyan kuɗi kaɗai ba ya halatta a sa muryar mutum a inda zai ji kunyar a same shi.

6.3 Haƙƙin mai sauraro

Al'ummar da ta gina iliminta a kan isnadi ba ta ɗaukar jingina magana ga mai ita da wasa. Malaman hadisi sun aibata tadlisi, Suyuɗi kuma ya rubuta risala sukutum kan bambancin mawallafi da ɓarawo. Mai tahamisi yana barin baitocin asali a fili, kowa ya san na Alfazazi ya san na Ibnu Mahib. Mai gutsure kuwa yana iya sauya kaurin murya da saurinta har mai ita ya kasa gane ta, sannan a yaba masa a kan gwanintar da ba tasa ba. Sharaɗin Ƙazwini na yin nuni ga mai abu idan bai shahara ba yana nan daram, kuma cika shi a yau ya fi sauƙi, tunda layi guda ne a ƙarƙashin sunan waƙa.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, gutsuren sauti a kan kansa dabara ce, hukuncinta yana bin abin da aka gutsuro, da inda aka kai shi, da yardar mai shi. Mawaƙin da ya gayyaci mai bandiri ko mai kalangu ya biya shi, ya naɗi bugunsa da saninsa, ya ambaci sunansa, bai keta haƙƙin kowa ba ta wannan fuska, sauran magana ta koma ga saɓanin da ke kan kayan kiɗa. Wanda ya ɗauko muryar mamaci ba da izinin magadansa ba ya ci haƙƙi, ko da waƙar yabon Manzo ce, domin kyawun manufa ba ya halatta dukiyar wani. Tilawa da kiran salla kuwa ba su shiga wannan ciniki ko da izinin makarancin, tunda alfarmar ba tasa ba ce balle ya yafe.

Ya kamata sassan nazarin addini da na Hausa a jami'o'i su haɗa hannu su koyar da babin sariƙa da iƙtibasi tare da misalan ɗakin ɗaukar waƙa, domin ɗaliban da za su ba da fatawa gobe su san abin da ake tambayarsu. Ya kamata kuma ƙungiyoyin sha'irai su ɗora wa kansu ƙa'idar ambaton asali da neman izini. Wanda yake son ya kafa hujja da Aliyu Namangi, to ya yi irin aikinsa: ya ɗauki awo ya bar lafazi, ya sa wahalarsa a ciki, har sabon ya rinjayi tsohon a kunnen jama'a. Allah ne Mafi sani.